Raddi Ga Mai Cewa NATO Ce Ta Fara Tsokana

Wani malami da nake girmamawa ya rubuta maƙala kwanan baya a kan asalin Yaƙin Cacar Baka. Ya ɗora laifin kacokan a kan Amurka, ya wanke Tarayyar Sobiyet tas. Ni ba lauyan Amurka ba ne, abin da ta aikata a Biyetnam kaɗai ya isa ya hana ni wannan aiki. Sai dai ƙin mutum ba ya halatta a yi masa shaidar zur, don haka zan bi hujjojin Malam ɗaya bayan ɗaya.

Hujjar da ya fi jingina da ita ta kwanan wata ce. Ya ce an kafa NATO ranar 4 ga Afrilun 1949, Ƙawancen Warsaw kuwa sai 14 ga Mayun 1955, saboda haka wanda ya riga shi ne ya tsokano. Kwanakin daidai ne, hukuncin ne kuskure, domin Malam ya ɗauki ranar suna a matsayin ranar haihuwa. Tun kafin a fara zancen NATO, shugaban Sobiyet Stalin ya riga ya ɗaure ƙasashen gabashin Turai ɗaya-ɗaya da yarjejeniyar taimakon juna: Chekoslobakiya a 1943, Poland a 1945, Romaniya da Hungary da Bulgeriya a 1948. Sojojinsa na jibge a Poland da Hungary da Romaniya da gabashin Jamus tun ƙarshen yaƙi. A 1949 ma, Konstantin Rokossovsky, babban hafsa a rundunar Sobiyet, shi aka naɗa ministan tsaron Poland. Mai irin wannan riƙo, wace gaggawa yake yi da takardar ƙawance? Abin da aka yi a Warsaw raɗa wa yaro suna ne bayan ya daɗe da fara gudu.

Na biyu, ya ce Amurka ce ta tusa wa Turawan yamma NATO. Tarihin ya nuna akasin haka. Amurka ta gama yaƙi da sojoji kusan miliyan 12, zuwa 1947 ta sallame su saura kimanin miliyan ɗaya da rabi. Mai shirin mamaya ba ya haka. A Fabrairun 1948 'yan gurguzu suka ƙwace mulki a Prague, babban birnin Chekoslobakiya, a Maris aka tsinci gawar ministan harkokin waje, Jan Masaryk, a ƙarƙashin tagarsa. Mako guda bayan nan Birtaniya da Faransa da Beljiyam da Holan da Luxembourg suka ƙulla yarjejeniyar tsaro a Brussels, babu Amurka a ciki. Ernest Bevin, ministan harkokin wajen Birtaniya, shi ya yi ta naci sai an jawo Amurka. Aka kuma yi cinikin kafa NATO a daidai lokacin da Stalin ya toshe hanyoyin yammacin Berlin, daga Yunin 1948 zuwa Mayun 1949, har sai da jiragen sama ake kai gawayi da fulawa. NATO ba ta ma samu babban kwamanda ba sai bayan ɓarkewar yaƙin Koriya a 1950, aka naɗa Janar Eisenhower na Amurka.

Na uku, ya kira Shirin Marshall, tallafin Amurka na farfaɗo da Turai, tarko. Na yarda ba sadaka ba ce: Amurka na neman kasuwa, tana kuma son dusashe jam'iyyun gurguzu na Faransa da Italiya. Amma an gayyaci har Sobiyet da ƙasashen gabas, ministan harkokin wajen Sobiyet Molotov ya je Paris a 1947 ya fice don kansa. Chekoslobakiya ta amsa gayyata, aka kira shugabanninta Mosko, suka dawo suka janye. Malam bai ambaci wannan tafiya ba.

Hujja ta huɗu, tsoron Jamus, ita ce mai nauyi, kuma a nan zan ba Malam haƙƙinsa. Sobiyet ta rasa mutane kusan miliyan 27 a yaƙin da Jamus ta ɗora mata a 1941. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, balle a ce shekara goma kacal bayan yaƙi an shigar da Jamus ta Yamma NATO, an ba ta damar kafa runduna. Gaskiya ne wannan shi ya haifar da taron Warsaw cikin 'yan kwanaki. Gaskiya ne kuma Sobiyet ta nemi shiga NATO a 1954 aka ƙi ta. Zan ma ƙara wa Malam wata da bai kawo ba: ƙungiyar da ke kirarin kare 'yanci, Portugal ta ɗan kama-karya Salazar na cikin ƙasashe 12 da suka kafa ta.

To amma tsoron Jamus bai bayyana abin da ya faru a Budapest ba. Ranar 1 ga Nuwamban 1956 Firayim Minista Imre Nagy ya shelanta fitar Hungary daga Ƙawancen Warsaw, ranar 4 tankokin Sobiyet suka auka wa birnin, a 1958 aka rataye shi. Shekara goma bayan tankokin, Shugaba de Gaulle ya cire Faransa daga rundunar haɗin gwiwa ta NATO, ya ce a kwashe sansanoni, aka tattara aka koma Beljiyam. Ko harsashi ɗaya ba a harba ba.

Malam ya kira Ƙawancen Warsaw garkuwa. Ina roƙonsa ya duba: a duk tsawon rayuwar ƙawancen, har rushewarsa a 1991, sau ɗaya rundunoninsa suka fita yaƙi tare, a Agustan 1968, kuma Chekoslobakiya suka mamaye, ɗaya daga cikin ƙasashe takwas da suka sa hannu a Warsaw.