Jinjina ga 'Yan Fadar Damagaram

Yabon gwani ya zama dole. Yau gwanayenmu su ne samarin Damagaram da suka mai da zaman fada, wato majalisar hirarsu ta unguwa, wurin sauke nauyin zuciya. Daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Kara-Kara, duk inda aka shimfiɗa tabarma aka ɗora butar shayi a kan gawayi, za ka tarar da wanda ake saurare.

Tun farkon shekarun 1990 da fadoji suka bazu a biranen Nijar, an fi jifansu da zaman kashe wando. Da gungun samarin da ake kira 'yan palais suka yi suna wajen faɗa da shan tiramol, sai aka yi wa kowa kuɗin goro. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A fada ne ake fara gane wanda ya daina dariya, ko ya daina barci. A nan ake haɗa kuɗin magani, a raka mutum asibiti, a nema masa babur ɗin kabu-kabu don ya samu abin yi. Wanda ya bar ƙwaya yakan zauna da mai fama da ita har dare ya raba, ba gori, domin ya san hanyar.

Muna kuma jinjina wa 'yar garin nan, Aisha Macky, wadda fim ɗinta na 2021 mai suna Zinder ya shiga Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana ƙyama, ya bar samarinta suka yi magana da bakinsu.

Sai dai da sauran aiki. Saurare magani ne, amma ba ya maye gurbin likita. A Harare ta Zimbabuwe, tun 2006 Dokta Dixon Chibanda ya fara horar da kakanni mata suna zama a benci kusa da asibiti, suna sauraren masu yawan tunani, suna miƙa wanda abin ya tsananta ga ma'aikatan lafiya. A nan Damagaram, fada ta riga ta mallaki tabarma da amana. Horo ya rage. Ya kamata Babban Asibitin Damagaram da Jami'ar André Salifou su koya wa shugabannin fadoji alamomin da ba a jira da su, musamman idan mutum ya fara zancen ya gaji da rayuwa.

Ku kuma samari, ku riƙe sirri, ku bar kiran ɗan'uwanku mahaukaci. Ku tuna da mata, waɗanda ba sa zama fada: mai jego da bazawara su ma suna buƙatar tasu inuwar, ko a wajen adashe. Fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da malamai su sa baki, a san cewa addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Gobe idan an zuba shayi, ku duba wanda bai zo ba, ku bi sawunsa.