Ra'ayinmu: Darasin Fumfuna Yana Bakin Rumbu

Kaka ta kama. Daga Ikara zuwa Makarfi har Kudan, duk inda ka waiwaya masara ce da gyaɗa a shanye. A daidai wannan lokaci ne ya kamata mu malamai mu sake duba wani darasi da muka saba wucewa a gurguje, wato darasin dangin fumfuna, waɗanda littafin kimiyya ke kira fangai, da irin zaman da suke yi da sauran halittu.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yawancinmu kan rubuta ma'ana a allo, mu jero misali uku, yara su haddace, a yi jarrabawa, shi ke nan. Yaron da ya cinye maki sai ya koma gida ya tarar ana tsince gyaɗar da ta yi fumfuna, ana ware ta domin ƙuli-ƙuli ko abincin kaji, shi ma ya ɗiba ya tauna, bai san abin da ya haddace ne a tafin hannunsa ba.

Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce. Akwai fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tun a gona, ta bunƙasa idan aka adana su da danshi, ta bar wata guba mai suna afulatoksin. Dafuwa ko suya ba sa kawar da ita. Tana lalata hanta, har takan kai ga ciwon daji. A shekarar 2004 gurɓatacciyar masara ta hallaka mutum 125 a ƙasar Kenya.

Sai dai idan muka nuna wa yara cewa fumfuna abokiyar gaba ce kawai, mun ba su rabin ilimi. Zamanta da halittu iri-iri ne, kuma kowanne yana da misali a ƙofar gidanmu. Akwai zaman cutarwa: burtuntuna a kan dawa, baƙar bulalar da ke fitowa a kan rake ta rage wa manomin Makarfi mazarƙwaila, da makeron da ke yawo a kawunan ɗalibanmu ta hanyar reza da hula. Akwai zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: wasu fumfuna kan manne wa saiwar shuka su janyo mata ruwa da sinadarai, ita kuma ta ba su abinci, haka nan wasu nau'in gara kan noma tasu fumfunar a cikin suri su ci daga gare ta. Akwai kuma masu ruɓar da kara da ganye a juji su mai da shi taki. Yis ɗin da ke kumbura burodi ma ɗan gidan ne.

Har magani ana samu daga gare su. A 1928 ne Alexander Fleming ya lura a Landan cewa wata fumfuna na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, aka samo fenisilin. A nan gida, cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wato ƙwayar dawa da aka lulluɓe da nau'in fumfunar da ba ya yin guba, a watsa a gona ya rinjayi mai gubar. Da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da mu fito da darasin nan waje, domin gani ya kori ji. A sa gutsuren burodi biyu a farar leda, ɗaya a jiƙe ɗaya a bushe, a ɗaure, yara su riƙa zana abin da suka gani har mako guda, ba tare da buɗewa ko shinshinawa ba. A kawo zangarniya mai burtuntuna a aje kusa da lafiyayya. A fara da sunan da yaro ya sani kafin na littafi. A kuma gargaɗe su kada su ci naman kazar da suka tsinta a daji.

Ga shugabannin reshenmu, muna roƙon a nemi hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin uku su samar wa kowace makaranta gilashin ƙara girma ko da guda biyar ne, a kuma shirya mana bita tare da malaman gona da masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke nan kusa da mu.

Iyaye kuma, idan yaro ya ce kada a zuba masara a buhu sai ta bushe ƙayau, a saurare shi. Ranar da hakan ta faru a gidajenmu, ranar ce za mu ce mun koyar.