Ruwan da ya rushe mu da damina shi muke bi da bido a bazara

Ranar 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa tun ƙarni na 19, ya zube bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ga bidiyon a wayarsa. A shekarar nan har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya. Da bazara ta zo kuma, garin da ruwa ya ci shi ne mata da yara ke kwana a bakin pampo da bido.

Ƙishirwar Damagaram tsohuwa ce. Garin a kan dutse yake zaune, ƙarƙashinsa ba ruwan kirki, kuma rashin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransawa suka maida babban birni Yamai a 1926. Daga nan sai jawowa daga nesa: Gogo-Machaya, Arunguza, Ganaram. Ana sa bututu, jama'a na ƙaruwa.

Abin da ya sake shi ne yadda ruwan ke sauka. Iska in ta yi zafi tana ɗaukar danshi da yawa, sai ta juye shi a sa'o'i kaɗan. Dutse ba ya sha, ruwa dole ya nemi wurin kwana. Da tafkuna yake samu, waɗanda akasari ramukan da kakanni suka haƙa ne don ƙasar gini. Yau mun cika su da shara da leda, wasu an yanka fili an gina. To ina kuke so ya je? Ɗakin mutane zai shiga mana.

Ba mu ce tafki zai shayar da gari ba, ruwansa ba na sha ba ne. Amma ya isa bulo, ban ruwan dabbobi da lambu, ya rage wa pampo nauyi.

Muna kira ga hukumar birni ta fitar da taswirar tafkuna da hanyoyin ruwa, ta manna inda kowa zai gani, ta daina ba da takardar fili a cikinsu. A yashe su tun watan Afrilu, ba sai hadari ya haɗu ba.

Ku kuma 'yan fada, kun fi kowa sanin magudanar da ta toshe a layinku. Ku ɗauki hotonta da sunan unguwa ku turo nan, mu haɗa mu kai wa hukuma kafin ruwan farko.