Ladabin mai sana'a yana cikin ranar da ya yanka

Duk wanda ya taɓa ratsa layin teloli a Kano ko Zariya ko Maraɗi a daren jajiberin Sallah ya san abin da ake gani. Inji na ruri a bakin shago, kekuna na ta gudu, ledojin shadda da atamfa jibge a kan benci ko kwance su ba a yi ba, ga magidanci tsaye riƙe da hannun ɗansa yana tambayar kayan da ya kawo tun kafin a ga watan Azumi. Amsar da zai samu ita ce wadda ya sha ji: "Alhaji, yi haƙuri, saura aikin wuya kawai, ka dawo bayan Isha'i." Telan bai ɗaga masa murya ba, har kujera ya miƙa masa. Amma idan gari ya waye yaron nan ya tafi Idi da tsohuwar riga, fara'ar nan ba ta tsinana wa kowa komai ba. A ganina babban ladabin mai ƙaramar sana'a shi ne ya faɗi ranar da zai iya cikawa, ko da ba ita mai kaya yake son ji ba, kuma babu ɗabi'ar da ta kai wannan jawo masa riba.

Ba mu da ƙarancin ladabin baki a kasuwanninmu. Mai shago zai gaishe ka, ya tambayi iyali, idan tayinka bai yi masa ba ya ce "albarka" ba tare da ya ci maka fuska ba, idan an daidaita ya ƙara maka gyara. Wannan gado ne mai kyau, kuma gaskiya ne shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Inda gizo ke saƙar shi ne kunyar da ta koya mana wannan ladabi ita ce kuma take hana mu cewa "ba zan iya ba." Bakanike ya san sai ya aika Legas kafin a samo kayan gyaran motarka, amma sai ya ce gobe da yamma. Kafinta ya san gadajen amare uku ne a gabansa, amma ya karɓi na huɗu saboda wanda ya zo surukin maƙwabcinsa ne. Sai a liƙa "in sha Allahu" a ƙarshen magana, a mayar da kalma mai girma mafakar alƙawarin da tun farko ba a yi niyyar cikawa ba. Mai kaya ya fita yana murna, alhali an saya masa ɓacin ran mako biyu.

Maganar ta wuce ta halin kirki kawai, magana ce ta jari. Binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kusan miliyan 40 a Najeriya, kuma mafi yawansu na mutum ɗaya ne ko shi da yaransa kaɗan. Irin waɗannan ba kasafai banki ke kallonsu ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ɗan abin da suke juyawa ya ƙara tsukewa. To, ina suke samun kuɗin sayen zare da katako da ƙarfe? Daga kafin alƙalamin da mai kaya ke bayarwa. Wannan rance ne marar ruwa, ba jingina, ba mai tsaya wa, kuma abin da ya sa ake bayar da shi kawai shi ne an yarda da maganar mai sana'a. Duk ranar da ya saɓa alƙawari, wannan asusu yake taɓawa. A hankali sai ya ga tsofaffin abokan cinikinsa sun koma cewa "gama tukuna in biya," kuma daga nan durƙushewa ke farawa.

Kakanninmu sun fi mu gane wannan. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna shafe watanni a hanya da dukiyar mutane, kuma maganarsu ce kaɗai jinginarsu. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan unguwar Sabo a Ibadan ya wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahautan garin shanun Arewa bashi, maigidan da mai shanun ya sauka wurinsa ya tsaya a matsayin lamuni. Dukiya mai yawa tana yawo a kan amana, domin kowa ya san wanda ya karya magana ya gama ciniki a zangon. Yau gari ya yi girma, mai saɓa alƙawari na iya fakewa cikin taro na ɗan lokaci, amma wayar hannu ta maido da tsohon zango. Mace ɗaya da aka ɓata wa ɗinkin biki za ta sanar da ƙawayenta a WhatsApp kafin ta isa gida.

Za a ce ba laifin mai sana'a ba ne: wuta ba ta tsayawa, mai ya yi tsada, yaran shago sai sun ga dama suke zuwa. Duk gaskiya ne, kuma wanda bai taɓa zama yana jiran wuta da aikin mutane a gabansa ba bai kamata ya raina wannan uzuri ba. Sai dai ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne da za a ce ya zo ba zato. Abin da ke faruwa kusan kullum, cikin lissafi ake sa shi. Telan da ya san aiki na cin kwana huɗu idan komai ya tafi daidai, ya ce mako guda. Idan kuma wani abu ya gitta da gaske, rashin lafiya ko rasuwa ko lalacewar keke, kira ɗaya tun kwana biyu kafin ranar ya wadatar. Mutanenmu masu karɓar uzuri ne. Abin da ba sa yafewa shi ne su biya kuɗin Adaidaita Sahu daga wata unguwa su zo su tarar da yaro yana cewa maigida ya fita, wayarsa kuma a kashe.

Hujja ta biyu da za a kawo ta fi ƙarfi. Azumi shi ne kakar tela, in ya mayar da aiki maƙwabcinsa zai karɓa, kuma wa ke korar arziki? Amma a yi lissafi. A ce shago na iya kammala kaya uku a rana. A kwana 30 kaya 90 ke nan. In ya karɓi 150, bai ƙara wa kansa aiki 60 ba, ya dai tara mutum 60 da za su yi Sallah suna jin haushinsa, sauran 90 ɗin ma a yi musu ɗinkin gaggawa, aljihu a karkace, maɓalli na faɗuwa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda aka gaya wa gaskiya cewa littafi ya cika zai ji ba daɗi na yini ɗaya, amma baɗi tun Sha'aban zai kawo kayansa. Wanda aka yaudara kuwa sau da yawa ba wani telan yake komawa ba, jallabiya ko abaya ta kanti yake saye, sana'ar gaba ɗaya ta yi asararsa.

Abin da ke sa a iya faɗar ranar gaskiya ba wani abu mai tsada ba ne: littafi da biro. Sunan mai kaya, lambar waya, abin da ya kawo, abin da ya biya, abin da ya rage, da ranar karɓa. Mai sana'ar da ya buɗe shafin Alhamis ya ga ya cika ba zai sake yanka wa wani Alhamis ba. Wasu na ganin rubutu alamar rashin yarda ce tsakanin 'yan'uwa. Su tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ma biya ya koma ta waya, wani ya tura rabi yau rabi jibi, kuma babu kan da zai riƙe wannan duka ba tare da an yi musu ba.

Masu kai aiki su ma suna da nasu kason, musamman mai kawo yadi saura kwana biyar Sallah yana magiya da sunan zumunci, da mai barin kayansa wata uku bai biya cikon ba. Amma gyara daga shago zai fara. Ina kira ga ƙungiyoyin teloli da kafintoci da makanikai, da duk maigidan da ke da yara masu koyon aiki: ranar da kuka koya wa yaro riƙon almakashi ko sifana, ku ba shi littafi, ku kuma bar shi ya ji ku kuna ce wa mai kaya, "Ranka ya daɗe, ba zan iya kafin Sallah ba, sai bayanta da kwana uku."