Gyaran dokar ƙungiyar ɗaliban UDS: ina ruwan ɗan kasuwa?

Duk lokacin da aka tayar da maganar gyara tsarin mulkin ƙungiyar ɗaliban jami'ar UDS ta Tamale, iyaye daga Gumbihini har kasuwannin Paga da Bawku kan ɗauke ta wasan yara. Alhali kuwa guminsu ne a ciki, domin daga aljihunsu kuɗin ƙungiyar ke fita duk shekara.

An kafa jami'ar a 1992. A 2019 majalisar dokoki ta mayar da rassanta na Wa da Navrongo jami'o'i masu cin gashin kansu, don haka dokar da aka tsara wa tsohon fasali tana bukatar gyara.

To amma sashen da ya kamata a fi sa wa ido shi ne na kuɗi. Wa ke sa hannu kafin a fitar da su? Wa ke binciken lissafi? Yaushe ake karanta shi a gaban ɗalibai? Kowane ɗan kasuwa ya san ƙarshen shagon da ba a yi wa yaronsa lissafi.

Daga irin waɗannan ƙungiyoyi shugabanni ke fitowa. Haruna Iddrisu, da aka naɗa ministan ilimi a 2025, ya taɓa shugabantar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUGS. Saboda haka ku tambayi 'ya'yanku abin da gyaran ya ƙunsa kafin su jefa ƙuri'a.