Hoto Mai Launi Ba Shi Ne Sakamako Ba

Injiniyan da ke son sanin yadda iska ke ratsa fiffiken jirgin sama, ko yadda ruwa ke gudana a bututu, yakan miƙa aikin ga kwamfuta. Manhaja takan yanka sararin zuwa miliyoyin ƙananan gurabe, ta warware lissafin Navier da Stokes a cikinsu, mataki bayan mataki. Aikin kan ci kwanaki, wani lokaci makonni. Amma sau da yawa hoto mai launi kaɗai ake adanawa a rahoto, a share sauran. Wannan ganganci ne.

Hoto ba ya faɗin yadda aka yanka sararin, ko gudun da aka ba iska a mashiga, ko dabarar da aka zaɓa wajen ƙiyasta hargitsin gudana. Canja ɗaya daga cikinsu na iya canja amsar. Idan aka tashi gina abu bisa wannan lissafi, ko mai jarraba kundin digiri ya nemi hujja, hoton ba zai amsa tambaya ba.

Manhajojin da kansu sun nuna abin da ya kamata a riƙe. Fluent tana raba aiki gida biyu: fayil na ragar lissafi da sharuɗɗa, da fayil na lambobin da aka samu. Na biyun ba ya da amfani in babu na farkon. OpenFOAM, wadda aka saki kyauta a 2004, tana rubuta sakamako a aljihunan da ke ɗauke da lokacin lissafi a matsayin suna, kuma ana iya umartarta ta ci gaba daga na ƙarshe. Ga mai aiki inda wutar lantarki ke ɗaukewa babu sallama, wannan shi ne bambancin asarar sa'a guda da asarar mako.

Masu cewa wurin ajiya na da tsada suna da gaskiyarsu. Gurabe miliyan 10, kowane da lambobi 5 masu bait 8, sun kai megabait 400 a ajiya ɗaya. Ajiya 1,000 kuwa gigabait 400 ce. Sai dai wannan hujja ce ta yin zaɓi, ba ta share komai ba. A riƙe ragar, da sharuɗɗan, da lambar fitowar manhajar, da matakin ƙarshe, da 'yan matakai a tsakani.

Saura batun sake buɗewa. Fayil ɗin da manhajar kuɗi kaɗai ke karantawa yana iya zama a kulle ranar da lasisi ya ƙare. Matsalar musayar bayanai tsakanin manhajoji ce ta sa Boeing da NASA suka fara tsarin CGNS a 1994, wanda manhajar kyauta irin ParaView ke iya buɗewa. Ya dace jami'o'i da kamfanoni su wajabta kwafi a irin wannan tsari kafin su karɓi kowane rahoto, kuma wani, ba marubucin ba, ya gwada buɗe shi a wata kwamfutar dabam.