Ba Masu Aiki Muka Rasa Ba, Ƙofa Muka Rufe



Duk inda muka taru a Landan ko Mancesta, kuka ɗaya muke ji daga shugabannin ƙananan ƙungiyoyinmu masu tara wa gwauraye da marayu taimako a gida Najeriya: wai mutanenmu ba sa son aikin sa kai, wai ba wanda ya san da mu. Mun ƙi wannan magana. Laifin namu ne.

Ƙungiyoyinmu da yawa mallakar mutum ɗaya ne. Shi ne shugaba, matarsa ce ma'aji, littafin kuɗi yana ɗakin kwanansa. 'Yar'uwar da ta kwana tana jinya a asibiti, don me za ta ba da Asabar ɗinta ga aikin da ba a gaya mata ko nawa ya shigo ba? Wasu suna kiran wannan ɓoyo tawali'u. Ɓoye kyautarka daban, ɓoye kuɗin jama'a daban. A 2 Korantiyawa sura 8, Bulus bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. Ikilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka ta, domin kada a sami abin zargi.

Ga hasarar da muke yi. A Ingila da Wales, ƙungiyar agaji da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara dole ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, kowa kuma yana iya duba sunanta a intanet. Ta tsarin Gift Aid, idan mai biyan haraji ya ba da fam 100, ƙungiyar da hukumar haraji ta amince da ita za ta karɓi ƙarin fam 25. Don gudun cika takarda muna barin abincin maraya a hannun gwamnati.

Masu aiki kuwa, sanarwa bayan sujada cewa "muna neman taimako" ba ta kawo kowa. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni kan rabon abincin gwauraye, mutum 7 aka zaɓa, aka danƙa musu aikin. Mu yi haka. A je wurin mutum a ce, "'Yar'uwa, awa biyu a wata, ki riƙe mana lissafi." Matasanmu da aka haifa a nan, waɗanda muke raina Hausarsu, su suka iya Facebook da rubuta wasiƙa zuwa majalisar unguwa. Mu ba su kujera a kwamiti, ba jeran kujeru kawai ba. Zumuntar mata ta daɗe tana aiki ba lada; mu ba su murya.

Dattawa, kafin ku yarda a sake karɓar baiko domin wata ƙungiya, ku nemi sunayen amintattunta da rahoton kuɗin bara, a karanta a gaban jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ubangiji ya ba mu zuciyar gyara. Amin.